Tsurar dalma ko mai rigar jan ƙarfe: wane harsashi ya dace da ƙaramar libarba?

Ɗan ƙanwata ya zo gidana bayan la'asar, a makon da zafin Afrilu ya fara korar mutanen Maradi daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ɗan kasuwa ne, yana da gona da ƴan shanu ta wajen Jiratawa, kuma bayan doguwar zirga-zirga ya samu takardar izinin riƙe ƙaramar bindigar hannu, irin mai ganga mai juyawa da muke kira libarba. Ya ajiye kwali biyu a kan tabarma ya ce, "Kawu, lambarsu ɗaya, kuma duka suna shiga bindigar. Wannan kansa ruwan toka ne, wannan kuwa ja ne yana ƙyalli, ya kuma fi tsada. Wanne zan riƙe?" Na ce masa ya fara buɗe gangar ya nuna mini babu komai a ciki, sannan mu yi magana. Na yi shekaru ina kula da ɗakin ajiyar makamai kafin in ajiye aiki, kuma wannan tambayar na sha jin ta. Kusan kowa hannunsa wajen mai ƙyallin yake fara zuwa.

Maganata da mai takarda nake yi. A Nijar ba a riƙe bindiga ko harsashi sai da izinin hukuma, wanda aka kama da su babu takarda kuwa gidan kaso ne makomarsa. Tun 1994 ƙasar nan take da hukumar tattara haramtattun makamai, kuma duk wanda ya san abin da mutanen Madarunfa da Gidan Runji suka gani a hannun ƴan bindiga a shekarun nan ya san dalilin da ya sa ba a wasa da zancen. Harsashin da wani ya zaro daga aljihu a bayan tasha, wanda ba a san wanda ya ɗura shi ba, ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan.

Abin da muke kira harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, albarushin da ke cikinsa, ɗan maɓallin wuta da ke gindi, sai ƙwayar da ke fita idan an harba. Duk gardamar a kan ƙwayar take. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duka biyun dalma ce. Ɗaya tsirara take, an ɗan gauraya ta da kuza ko wani ƙarfe don ta yi tauri, an shafa mata maiƙo. Ɗayar kuwa dalmar ce aka sa wa riga, siririn kwasfa wanda yawanci kashi 95 jan ƙarfe ne, kashi 5 tutiya. A jikin kwali, idan haruffan sun fara da L, kamar LRN ko LSWC, tsurar dalma ce. Idan ka ga J a ciki, kamar FMJ ko JHP, mai riga ce.

Wanda ya san dalilin ɗinka rigar ya riga ya samu rabin amsa. Ɗaruruwan shekaru da tsurar dalma ake harbi, saboda tana da nauyi, tana da laushi, kuma tana narkewa a digiri 327 kacal. Matsala ta taso ne lokacin da bindigogin soja suka ƙara gudu. A 1882 wani hafsan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da ƙwaya mai riga. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushin da ba ya hayaƙi, a 1887 kuma sojan Faransa ya karɓi doguwar bindigar Lebel, wadda ƙwayarta ke gudun sama da mita 600 a sakan guda. A irin wannan gudun dalma tsirara ba ta iya riƙe tsagogin da aka murɗa cikin bututu. Gogewa take yi, ta shafe bututun, ta fita ba saiti. Jan ƙarfe sai ya kai digiri 1085 kafin ya narke, kuma ya fi ta tauri nesa ba kusa ba. Rigar maganin gudu ce. Daga baya bindigogin hannu masu cika kansu suka same ta da wani amfanin: ƙwaya mai santsi da tauri ta fi saurin hawa daga gidan harsashi zuwa bututu ba ta maƙale ba.

To, ƙaramar libarba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli biyu. Ba ta cika kanta. Da yatsunka kake sa kowane harsashi a raminsa, ko wane irin baki gare shi zai zauna. Gudunta kuma kaɗan ne. Ta ɗan ƙanwata .32 S&W Long ce, lambar (wato girman harsashi) da ta fito a 1896, ƙwayarta giram 6.3, gudunta wajen mita 215 a sakan. Yayarta .38 Special, wadda aka tsara a 1898, da ƙwaya mai giram 10.2 tana yin wajen mita 230 zuwa 240. Ko gudun sauti, mita 340, ba su kai ba. A kan tsurar dalma aka ƙera waɗannan lambobi tun farko, kuma a wannan gudun dalma tana cikin gidanta. Ra'ayina ke nan, kuma ba na ɓoye shi: ga yawancin masu ƙaramar libarba, dalma ce ta asali, mai riga sai da dalili. Amma dalilan suna nan, wasunsu ma garinmu ne ya haife su, shi ya sa ban sallami yaron da kalma ɗaya ba.

Laushin dalma, wanda ya zama aibi a doguwar bindiga, shi ne alherinta a nan. Idan wuta ta tashi, iskar da ke bayanta tana naushin gindin ƙwayar ya ɗan buɗe, ya toshe bututun tsaf, sai ƙarfin ya tafi wajen tura ta maimakon ya zurare ta gefe. Ga shi maiƙon da ke jikinta yana rage gogayya. Saboda haka da albarushi daidai wa daida, ƙwayar dalma takan ɗan fi mai riga gudu, a ɗan gajeren bututu kuwa kowace mita tana da daraja. Ba ta cin ƙarfen bindiga. Libarbar da ba ta san komai ba sai dalma takan wuce mai ita da tsagoginta garau. Wajen dacewa da abin da aka auna ma ba ta da na biyu a wannan gudun. Masu gasar harbin takarda daga mita 25 a Turai, har yau .32 S&W Long suka fi riƙewa, da wata ƙwayar dalma mai baki shafaffe kamar an yanke kara, wadda ke huda takarda da'ira tsaf. Da mai riga ta fi ta, da tuni sun koma can.

Aibinta shi ne datti. Maiƙon yana hayaƙi, yana baƙanta fuskar ganga da hannu. Sannan akwai abin da ya fi ba mutane haushi, wato dalmar da ke mannewa cikin bututu, tana farawa daga maƙogwaron da ƙwaya ke shiga bayan ta tsallako daga ganga. Idan ta taru, tsagogin sukan cike, harbi ya fara warwatsewa, matsin cikin bututu ya ƙaru. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Yawancin lokaci ba laifin dalmar ba ne, rashin dacewa ne. Idan ƙwayar ta yi wa bututu ƙanƙanta, ko bakin ramukan gangar ya fi bututun matsewa har ya rage mata kauri kafin ta isa, iska mai zafi takan bi ta gefenta ta yanko dalma ta liƙa a ƙarfe. Abin mamaki, ƙwayar da aka cika wa tauri takan fi yin haka a bindiga mai sanyin gudu, domin ba ta iya buɗewa ta toshe hanyar. Mai laushi kuma idan aka kora ta ta wuce wajen mita 300 a sakan, ita ma sai ta fara barin sawu. Harsashin kamfani na yau da kullum a lambobin nan bai kai can ba.

Sharar ba wani aikin wahala ba ne ga wanda ba ya bari ta kwana: buroshin tagulla daidai lambar, sandar shara, ɗan man wanke bindiga da tsumma. Akwai wata al'ada da nake roƙon kowa ya bari, wato harba mai riga guda biyu ko uku bayan dalma wai don ta wanke bututu. Ƙwaya mai tauri da aka tura cikin bututun da dalma ta rage wa faɗi matsi take ƙarawa, kuma wani abin ma goge shi take yi ya ƙara kwantawa a ƙarfen. A share da hannu tukuna, sannan a sauya iri. Kada kuma a yarda da haɗe-haɗen ruwan da wasu ke cewa yana narkar da dalma. Abin da ke fitowa guba ce da ke bin fata.

Idan bindigar tsohuwa ce, gardama ta ƙare. Irin waɗanda ake karyawa ta sama a buɗe su, ko waɗanda aka gada daga kaka, an ƙera su da ƙarfen da bai kai na yau ƙarfi ba, wasu ma tun zamanin baƙin albarushi. Ba a ba su komai sai dalma mai laushi, wannan ma bayan masanin makamai ya duba ya ce za su ɗauka. Akwai togiya ɗaya da ta shafe mu: libarbar sojan Faransa ta 1892, mai milimita 8, wadda aka ƙera a Saint-Étienne, ita da ƙwaya mai riga aka tsara ta. Wato bindigar ce ke faɗin abincinta.

Wani labari daga Ingila yana nuna abin da ke faruwa idan aka sauya abincin. Libarbar sojansu mai lamba .38 da ƙwayar dalma mai giram 13 aka fara ta. Gab da yaƙin duniya na biyu suka ji tsoron kada a ce dalma mai laushi ta saɓa wa yarjejeniyar Hague ta 1899, wadda ta hana sojoji harbin juna da ƙwayar da ke bajewa cikin jiki, sai suka koma mai riga mai giram 11.5. Dokar yaƙi ce ta sa, ba wai dalmar ta gaza ba. Da nauyi ya sauya kuma, inda ƙwaya ke sauka ya sauya. Wannan darasi ya shafi kowa. Yawancin ƙananan libarba saitinsu a kafe yake, ba a juya shi, kuma a kan nauyi ɗaya masana'anta ta daidaita shi. A .38 Special nauyin shi ne giram 10.2. Masu riga da aka fi samu a lambar kuwa giram 8.4 ne ko 8.1. Ƙwaya mai sauƙi takan bar bututu kafin bakin bindigar ya gama ɗagawa, sai ta sauka ƙasa da inda ka auna. Mutum zai yi ta zargin idonsa ko hannunsa, alhali kwalin da ya saya ne.

Abin da ya fi tsorata ni game da mai riga a bindiga mai sanyin gudu shi ne maƙalewa. Jan ƙarfe yana buƙatar ƙarfi sosai kafin tsagogi su kama shi, libarba kuma tana da ɗan tsakani na kamar milimita 0.1 zuwa 0.2 tsakanin ganga da bututu, inda wani kaso na iskar ke tserewa. Idan harsashin ya tsufa, ko danshi ko mai ya taɓa albarushinsa, ƙarfin da ya rage zai iya fitar da ƙwayar dalma da ƙyar, amma mai riga ta tsaya a tsakiyar bututu. Na taɓa gani a filin koyon harbi. Wani matashi ya harba, ƙarar ta fito wani iri, "fus", babu shurin da aka saba ji a hannu. Bai tsaya ba ya sake ja. Libarba ba ta san abin da ke bututunta ba, gangar juyawa kawai take ta kawo na gaba. Ƙwaya ta biyu ta sami ta farko, bututun ya kumbura kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Allah ya kiyaye hannunsa da idonsa, amma bindigar ta tashi daga aiki. Ko wane iri kake harbawa, idan ƙara ta sauya ko shuri ya ragu, cire yatsa, bakin bindiga yana kallon inda babu kowa, ka ɗan jira, ka buɗe, ka zura sanda ka tabbatar hanya a buɗe take.

Yanzu ga inda mai riga take da gaskiya. Na farko yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya zarce haka sosai. Maiƙon ƙwayar dalma yakan yi laushi, kuma idan harsashi ya daɗe a irin wannan wuri yana iya zubowa ya isa ga albarushi. Da hunturu kuma ƙura ce, wadda ke shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle. Duk abin da ke da danƙo sai ta manne masa, ƙwaya mai rairayi a jiki kuwa kamar ka tura takardar gurza ƙarfe ce cikin bututu. Da damina, dalmar da ta sha danshi takan yi farin gari a ka. Mai riga busasshiya ce, santsi gare ta, tsumma ɗaya ya ishe ta. Ita ma tana da nata: idan aka bar ta cikin ɗamarar fata irin ta dukawanmu, tagulla takan yi koren tsatsa. Amma a jimlace ta fi jure aljihu, jaka da doguwar tafiya. A lambobin .32 da .38, yawancin maiƙon yana ɓoye cikin kwanso, don haka matsalar ba ta kai ta .22 ba.

Ita .22 hukuncinta daban ne, kuma nan ne aka fi ruɗin mutane. Harsashin .22 LR, wanda ya fito a 1887, ƙwayarsa mai giram 2.6 kaurinta ɗaya da kwanso, saboda haka maiƙonta a waje yake, kana jin sa a yatsa. Waɗanda ka gani jajaye a wannan lambar ba riga ba ce, wankin jan ƙarfe ne kawai aka yi wa dalmar, siriri kamar fenti. Zaɓin a nan tsakanin dalma mai kaki ne da dalma mai wanki. Don ƙurarmu da zafinmu na fi son mai wankin, ko da yake masu gasa mai kakin suke so. Riga ta gaskiya a .22 sai a .22 Magnum, wadda kamfanin Winchester ya fitar a 1959, kuma wannan lamba ce dabam da bindigarta dabam. Irin wannan wankin, mai ɗan kauri, ana yin sa a manyan lambobi ma, kuma hanya ce ta tsakiya mai kyau: laushin dalma a ciki, hannu kuma ba ya taɓa ta.

Wuri na biyu shi ne bindigogi marasa nauyi, waɗanda aka yi jikinsu da sanholo ko makamancinsa. Shurinsu yana da kaifi, kuma kowane harbi yana fizgar sauran harsasan da ke ganga baya, ƙwayoyinsu kuwa suna son tsayawa inda suke. Ƙwayar dalma mai santsin maiƙo takan ɗan zamo waje kaɗan-kaɗan har ta leƙo ta bakin ganga ta hana ta juyawa. Mai riga ta fi kama kwanso. Haka idan lambar mai gudu ce, kamar .32 H&R Magnum ta 1984 ko .357 Magnum, an shiga yankin da aka ɗinka rigar dominsa.

Na uku shi ne wanda na fi daɗewa a kai da ɗan ƙanwata, domin yana da ƙananan yara huɗu a gida. Dalma guba ce. Mu nan ba sai an kawo mana misali daga nesa ba: a 2010, can Zamfara maƙwabciyarmu, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira lafiya lau. Idan kaɗan ce, ba ciwo take sa wa nan take ba. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ƙwayar dalma tana barin baƙi a yatsa, tana fitar da ƙura idan an harba, tsumman shara ma cike yake da ita. A nan mai riga ta fi tsabta, amma kada a ɗauka ta wanke kanta. Yawancin masu alamar FMJ gindinsu a buɗe yake, dalmar na kallon wuta, kuma maɓallin wutar kansa da sinadarin dalma ake yin yawancinsa. Don haka ƙa'idar ɗaya ce ga duka: a yi harbi a sarari inda iska ke kaɗawa, a wanke hannu da sabulu kafin a ɓare goro ko a sa hannu a kwano, kada a share bindiga a kan tabarmar da yaro ke rarrafe, kada a haɗa rigar harbi da wankin yara. Ina kuma roƙon ƴan uwanmu mafarauta masu narka dalmar tsohon batir don bindigar toka su bar yin haka a tsakar gida, balle a tukunyar da za ta koma madafa. Hayaƙin da ke tashi daga dalmar batir guba ne mai muni.

Sai abin da ƙwaya ke yi bayan ta bar bindiga, wanda shi ne nauyin da ke wuyan mai ita har gaban Allah. Mai cikakkiyar riga ba ta sauya siffa. Tana ratsa abu ta wuce, kuma idan ta daki fako, siminti ko ƙarfe, takan yi tsalle ta nufi inda ba a aike ta ba. Dalma mai laushi takan baje ta rasa ƙarfi da wuri, mai shafaffen baki ta fi mai zagayayyen baki a nan. Amma bambancin na daraja ne kawai, dalma ma tana tsalle, har a kan ruwa. Zana, ƙofar kwano da gilashin mota ba sa tare ko ɗaya daga cikinsu, kuma a unguwanni irin Zariya ko Sabon Gari bayan kowace katanga akwai iyalin wani. Ƙwayar .22 da ake rainawa tana iya tafiyar sama da kilomita ɗaya da rabi. Wanda zai harbi mahaukacin kare a gona ya fara duba abin da ke bayan karen, kuma harbin sama a wajen biki ba shi da uzuri da kowane irin harsashi.

Akwai masu riga masu rami a baki, waɗanda aka yi don su buɗe su tsaya. Suna buƙatar gudu kafin rigar ta tsage, kuma daga gajeren bututun .32 sau da yawa ba sa samunsa, sai su yi aikin mai cikakkiyar riga bayan ka biya kuɗin da ya fi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin ma a kai ga saye, a tambayi hukumar da ta ba da takarda ko izinin ya haɗa da irinsu.

Abu biyu kuma a gurguje. Wasu masu riga masu araha ƙarfe ne aka yi wa wankin jan ƙarfe. Kusantar da mayen ƙarfe zuwa kan ƙwayar, idan ya kama, kada ka ba tsohuwar bindiga, sabuwa ma cin ta zai yi a hankali. Sannan shiga ba dacewa ba ce. Harsashin 7.65 na bindigogi masu cika kansu yakan zauna a gangar wasu libarba .32, amma matsinsa ya fi abin da aka ƙera su su ɗauka. Haka .38 S&W da .38 Special suna ne kawai ya yi kama, kaurinsu da tsawonsu daban. Abin da ke jikin bututu shi ne zai kasance a jikin kwali, harafi da harafi.

Ta wajen kuɗi dalma takan fi sauƙi, tun da aikin ƙera ta bai kai na mai riga ba. Muhimmancin wannan ya wuce na aljihu. Mai takarda ba ya samun harsashi barkatai, kuma wanda ke ganin kowane ɗaya kamar zinariya ba zai taɓa koyon bindigarsa ba. Na fi amincewa da mutumin da ya harba kwali uku na iri ɗaya ya san inda yake sauka, a kan wanda ya ajiye mafi tsada bai taɓa gwada shi ba.

Da muka zo ƙarshe na karɓi bindigar na duba. Jikinta ƙarfe ne, ƙirar zamani, saitinta a kafe, bututunta bai wuce santimita 8 ba. Na ce masa, "Ɗana, taka dalma take so. Riƙe wannan kwalin, ka nemi irinsa, nauyi ɗaya, kamfani ɗaya, kada ka yi ta sauye-sauye. Da a ce mara nauyi ce, ko Magnum, ko kuwa na san kai mai barin bindiga wata uku ba shara ne, da mai riga zan ce maka." Ya ce, "To Kawu, zafin fa? Rabin rayuwata a mota nake." Na ce kada ya bar kwali a mota ko sau ɗaya, ya sa shi a gwangwani mai murfin roba, a ɗaki mafi sanyi, a kulle, nesa da inda bindigar take da inda hannun yaro ke kaiwa. Shidan da ke cikin ganga kuwa, duk ƙarshen bazara da ƙarshen damina ya kai su inda hukuma ta yarda a yi harbi, ya harbe su a takarda, ya sa sababbi. Kwalin mai riga na ce ya ajiye, ranar da bututu yake a share ya gwada shida daga mita 10 ya ga inda suke sauka kusa da na dalmar, ya rubuta a murfin kwalin. Aka kira magariba, ya tattara kayansa, na sa aka kawo masa buta da sabulu ya wanke hannu kafin ya yi alwala.